Darasi: Mai Kula da Lafiyar Dabbobinmu, Wa Ke Kula da Tasa?

Darasinmu na wannan karo zai yi magana a kan mutanen da kuke nema idan saniya ta kwanta ko akuya ta yi ɓari: mataimakin likitan dabbobi na ƙauye, da matar da ke yi wa kaji da awaki rigakafi, da sakataren ƙungiya mai riƙe da littafi da makullin rumbun abincin bisashe. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a gundumar Madarunfa, kuma da waɗannan bayin Allah nake aiki kullum, daga Gabi zuwa Ɗan Isa, daga Safo zuwa Jiratawa da Sarkin Yamma.

Abin da nake so mu ɗauka daga darasin shi ne wannan: lafiyar garke tana rataye a wuyan mai duba shi. Idan ya gaji ya ajiye jaka, garken ne zai fara jin jiki. Mun saba cewa "sai haƙuri" idan muka ga ma'aikaci ya jigata. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba ya zuba mai a moto, ba ya biyan bashin magani. Juriyar ma'aikaci ginawa ake yi da tsari, kuma rabin ginin yana hannunku.

Su wane ne waɗannan ma'aikata?

Likitocin dabbobi masu digiri ba su da yawa a ƙasarmu, makiyaya kuwa suna warwatse cikin daji. Don a rage wannan tazara aka fara tsarin da ake kira SVPP a Dakwaro, nan cikin jiharmu ta Maraɗi, a shekara ta 2003, da taimakon ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar Beljiyam da ƙungiyar Karkara. Daga baya tsarin ya bazu zuwa gundumomi da dama. Yadda yake tafiya shi ne, likita mai zaman kansa yana zaune a babban gari da ɗakin magani, a ƙarƙashinsa kuma akwai mataimaka da jama'a suka zaɓa daga cikinsu. Ana horar da su, a ba su kayan aiki, su riƙa saro magani wurin likitan, su kuma kai masa rahoton cututtukan da suka gani.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Mataimakin nan ba ya karɓar albashin gwamnati a ƙarshen wata. Abin da yake samu yana fitowa ne daga ƴar ribar magani, da ladan aikin da kuka ba shi, da abin da ake biyansa lokacin rigakafin shekara. Shi ma yana da gona, yana da iyali, sau da yawa yana da nasa ƴan bisashen. Haka matar da ke zagaya gida gida da ruwan rigakafin kaji: bayan ta gama zagaye, daka da girki suna jiranta. Sakataren ƙungiya kuwa galibi aikin sa kai yake yi.

Kaya huɗu da suke ɗauke da su

Na farko, kayan jiki. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a nan, kuma a lokacin ne dabbobi suka fi rama, kira ya fi yawa. Ranar rigakafi mutum yakan tsaya tun hantsi har la'asar cikin ƙura, bijimi ya tunkuɗe shi, saniya ta taka masa ƙafa, allura ta soke masa yatsa. Da damina kuma hanyoyin bakin gulbi su lalace, a tura moto cikin laka. Ga cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, tana kama mai ciro mahaifa da hannu tsirara, ta sa masa masassara mai tafiya tana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin cizon sauro babu sauƙi. Ciwon saifa yana kama mai feɗe mushe. A shekara ta 2016 zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaraden da Tasara cikin jihar Tawa, ya kashe mutum fiye da 30, akasarinsu masu hulɗa da dabbobi. Duk wanda hannunsa ke cikin jini da ruwan haihuwar dabba kullum, shi ne a sahun gaba.

Na biyu, kayan bashi. Wannan shi ne abin da na fi ganin yana kashe aikin mataimaka. Mu ɗauki misali. Mataimaki ya saro magani na jika 50. Cikin wata guda ya yi aiki da shi duka, amma rabin mutanen suka ce sai ranar kasuwa, ko sai kaka. Abin da ya dawo hannunsa bai kai abin da zai sake saro irin wancan ba, ga kuɗin mai, ga faci. Zagaye na biyu sai ya saro na jika 30. Zagaye na uku jakar ta zama fanko. Masu bashin kuwa ba baƙi ba ne: kawunsa ne, surukinsa ne, mai unguwa ne. Kunya ta hana shi tambaya, su kuma sun manta. Daga nan sai a fara cewa, "Ai wane yanzu ba ya da magani."

Na uku, kayan tsoro. Ba sai na faɗa muku halin da ake ciki a ƙauyukan bakin iyaka da Katsina da Zamfara ba, da kewayen dajin Baban Rafi. Shekaru ke nan ana fama da satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa. Mataimaki mutum ne da kowa ya san yana da moto, yana riƙe kuɗin magani, kuma ana iya kiransa ta waya ya fito shi kaɗai. Duk lokacin da ya fita, matarsa ba ta samun natsuwa sai ta ji ƙarar motonsa. Irin wannan zaman ɗar-ɗar, idan ya daɗe, yana cin jiki kamar yadda tsutsar ciki ke cin maraƙi.

Na huɗu, kayan zuci. Shi ne ke zuwa ya tarar da dattijon da aka kore wa shanu cikin dare, yana zaune bakin turke babu komai. Shi ne ke gaya wa bazawara cewa akuyar da take tatsa wa marayu ba za ta tashi ba. Idan dabba ta mutu bayan allura, shi ake zargi, ko da an kira shi ne bayan kwana biyar da kwanciyarta. Allurar ciwon huhu takan sa kumburi a jikin wasu shanu, abin da likitoci suka sani kuma ake magancewa, amma a bakin jama'a sai ya zama "ya lalata mini saniya". Idan ya zo yi wa awaki alamar kunne bayan rigakafi, a yi masa faɗa. Idan rikici ya tashi a kan burtali ko ɓarnar gona, manomi ya ce ɗan makiyaya ne, makiyayi ya ce ɗan gari ne. Duk wannan yakan haɗiye, ya koma gida bai gaya wa kowa ba.

Yadda ake gane mutum ya fara ƙarewa

A shekara ta 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a cikin kundinta na cututtuka, a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa idan wahalarsa ta daɗe ba a sauke ba. Ta ba da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, ingancin aikin ya ragu. Ga yadda suke bayyana a wurinmu.

Mutumin da a da yake zuwa da fara'a, yana tambayar lafiyar yara, yanzu sai ya soka allura ya hau moto. Wayarsa takan kasance a kashe. Yana saurin fushi a kan ƙaramin abu. Yana kukan ciwon kai da ciwon baya da rashin barci. Littafin rahotonsa, wanda a da yake cike, yanzu shafuka ne farare. Wani yakan koma yawan shan shayi mai ɗaci da ƙwayoyin ƙara ƙarfi irin su tramol don ya iya jure yini. Idan an kai nan, maganar ta yi nisa.

Na san wani mataimaki mai ƙwazo da ya yi shekaru yana riƙe da ƙauyuka da rugage masu yawa shi kaɗai. Bai yi faɗa da kowa ba, bai kuma yi sallama ba. Wata rana dai aka ji ya sayar da moto ya tafi cin rani. Da muka buɗe littafinsa, bashin da ke kan mutane ya fi kuɗin kayan da aka ba shi tun farko. Bayan tafiyarsa jama'ar yankin suka koma sayen magani a tebur a kasuwa, wanda ya sha rana, wani ma ba a san abin da ke cikin kwalbar ba. Da lokacin rigakafi ya zo, babu wanda ya san inda kowace ruga ta koma, garkuna da yawa suka wuce ba a yi musu ba. Sai a lokacin aka fara tambaya, "Ina wane?"

Me ya shafi garkenka?

Ruwan rigakafi abu ne mai rai. Dole ya zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi shi har bakin turke, kuma da zarar an haɗa shi da ruwansa sai a yi amfani da shi cikin awa ɗaya zuwa biyu. Mutumin da ya yi barci ya ƙoshi yana lura da ƙanƙarar akwatinsa, yana ajiye shi a inuwa, yana zubar da ragowar da ta daɗe. Wanda ya yini bai ci ba, ana ta yi masa ihu, yana iya ci gaba da soka ruwan da ya riga ya mutu. Kai kuma ka tafi da murna an yi wa awakinka rigakafi, alhali babu kariya a jikinsu.

Haka auna magani. Maganin tsutsa ko allurar rage ƙwayoyin cuta ana ba da su ne gwargwadon nauyin dabba. Gajiyayyen mutum yana kintace ne kawai. Idan ya ba da ƙasa da ƙima, cutar ba ta mutu ba, kuma ta koyi jure maganin.

Duniya ta kawar da bushiya, aka yi shelar haka a shekara ta 2011, bayan ta daɗe tana share garkunan kakanninmu. Yanzu an sa shekara ta 2030 a matsayin wa'adin kawar da cutar zawo da majina ta awaki da tumaki, wadda likitoci ke kira PPR. Mu da muke da jar akuyar Maraɗi, wadda mata ke dogara da ita wajen nono da kuɗin sabulu da na makarantar yara, wannan magana tamu ce. Ba a ofis ake cin irin wannan yaƙi ba. Ƙafar mataimaki ce ke kai allura ga akuya ta ƙarshe a ruga ta ƙarshe.

Abin da ma'aikaci zai yi wa kansa

Yanzu ina magana da ku, abokan aikina.

Ku kare jikinku kamar yadda kuke kare akwatin sanyi. Kada ku taɓa ɗan da aka yi ɓarinsa, ko mahaifa, ko jini, sai da safar hannu. Idan babu, ku sa leda mai kauri biyu ku ɗaure, bayan an gama ku wanke hannu da sabulu har gwiwa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta dubura ba ya daskarewa, kada a feɗe ta, kada a ci, a kira likita. Idan kare ya cije ku, ku wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ku tafi asibiti a ranar, kada ku jira ku ga halin karen. Ku nemi allurar rigakafin sandarewar jiki, wato tetanus, domin aikinmu na ƙarfe ne da kashin dabbobi. Idan masassara ta ƙi jin magani, ku gaya wa ma'aikacin asibiti cewa da dabbobi kuke aiki, wannan kalma ɗaya tana iya canza gwajin da zai yi muku.

Ku tsara yininku da rana. A bazara a fara aiki da asuba, a dakata idan rana ta take, a ci gaba da yamma. Ku sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ku. Idan kun yi gumi da yawa har jiri na ɗibarku, ku haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙwayar ƙara ƙarfi bashi ce ake ci daga jiki, kuma jiki ba ya yafe bashi.

Ku raba aljihu biyu. Kuɗin magani daban, ladanku daban. Kuɗin magani na jaka ne, ko da suna ko biki ya taso. Ku rubuta kowane bashi a gaban mai shi, da ranar da ya yi alkawari.

Ku ware yini ɗaya a mako wanda ba ku fita sai don abin gaggawa na gaske, kamar haihuwar da ta tsaya ko kumburin ciki. Ku sanar da jama'a ranar tun da wuri. Ranar ta gonarku ce da iyalinku. Gatari ma sai an ajiye an wasa shi.

Ku sami wanda kuke buɗe wa ciki. Abin da na gani yana taimakawa ƙwarai shi ne haɗuwar mataimaka ta wata wata. Bayan an gama maganar rahoto da magani, a ɗauki rabin awa kowa ya faɗi abin da ya fi yi masa nauyi a watan. Ba a dariya, ba a kai maganar waje. Sau da yawa mutum yakan ɗauka shi kaɗai ne barci ke gagara bayan ya ga wani abu, sai ya ji na kusa da shi ya faɗi irin nasa. Ciwon da aka faɗa ya fi saukin magani.

Abin da ƙungiya za ta yi

Nan ne babban aikin yake. Ga abubuwa biyar da kowace ƙungiya za ta iya yi ba tare da jiran wani taimako daga waje ba.

1. Ku cire bashi daga wuyan mutum ɗaya. A zauna a taron ƙungiya a yanke doka: ladan aiki nawa ne, kuɗin mai nawa ne gwargwadon nisa, bashi yana kai kwana nawa. A zaɓi dattawa biyu ko uku su riƙa bin bashin a madadin mataimaki. Abin da yaro ba zai iya faɗa wa surukinsa ba, dattijo zai faɗa cikin raha a kan tabarma. Wanda ba ya da kuɗi a hannu yana iya biya da hatsi ko kaza, a kan farashin da aka yarda.

2. Ku buɗe asusun lafiyar dabbobi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi a shekara ta 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ana koyi da shi a ƙasashe da yawa. Idan ƙungiya tana da mutum 40, kowa ya zuba dala 50 a wata, wato sefa 250, an tara jika 10 ke nan duk wata. Daga ciki a biya wa marar hali kuɗin magani nan take, shi kuma ya biya asusun a hankali. A sayi safar hannu da sabulu da takalmin roba. A ware wani abu don ranar da mataimaki ya ji ciwo a bakin aiki ko motonsa ya lalace.

3. Ku kare rayuwarsa. A yarda cewa ba a kiran mataimaki ya fito bayan magariba a wuraren da ake fargaba. Da dare a yi bayani ta waya, a jira safiya. Saniya ana samun wata, mutum kuwa ba a samun madadinsa. Idan za a kira shi wata ruga, kiran ya bi ta hannun ardo ko wani sanannen mutum. Kada ya tafi shi kaɗai, kuma wani a gida ya san inda ya nufa da lokacin da ake sa ran dawowarsa. Kada a bar shi yana yawo da kuɗi masu yawa. Idan ya ce hanya ba ta yi masa ba yau, a karɓi maganarsa, kada a kira shi matsoraci.

4. Ku sauƙaƙa masa ranar aiki. Ku tara dabbobi wuri ɗaya tun da sassafe, ku kawo samari masu kamu da igiyoyi, ku gyara shingen rigakafi kafin ranar. A tanadi inuwa da ruwan sha da fura. Ku kira shi tun ranar da dabba ta fara ƙin ci, kada ku jira sai ta kasa tashi. Da damina, lokacin da yake bin garkunanku gonarsa tana cika da haki, ku yi masa gayya ta yini ɗaya. Fulani suna da habbanaye, a ba ɗan'uwa aron karsana ya samu iri. Wanda ya yi shekaru yana tsare muku garke ya cancanci irin wannan karamci.

5. Ku buɗe ƙofar ƙorafi, ku kuma horar da na biyu. Idan dabba ta mutu bayan magani, kada a tare mataimaki a kasuwa. A kai maganar ga shugabannin ƙungiya, su kira likitan da ke sama da shi ya duba. Idan kuskure ne a gyara, idan ba kuskure ba ne a wanke shi a gaban jama'a. Sannan kowane yanki ya sami mutum na biyu da ke koyo, namiji ko mace, domin na farko ya iya yin jinya ko tafiya ba tare da garke ya zama maraya ba. Wannan doka ta shafi sakatare da ma'aji su ma: a riƙa karɓa-karɓa, kada a bar mutum ɗaya da makulli shekara da shekaru har ya gaji ko a fara zarginsa.

Ina ƙara jan hankalin maza game da mata masu rigakafi. Mace ba za ta iya zagaya gari da akwati ba idan babu mai riƙe mata yaro, ko idan maigida yana ɗaure fuska duk ranar da ta fita. A yi magana da mazajensu a taro, a girmama su, a kuma biya matan ladansu a hannunsu.

Idan babban abu ya faru

Wani lokaci ma'aikaci yakan faɗa cikin abin da ya fi gajiya: an tare shi a hanya, an ƙwace moto, an sace wani nasa, ko ya ga gawa. A shekara ta 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar da jagora a kan taimakon farko ga wanda ya shiga firgici. An gina shi a kan kalmomi uku da kowa zai iya riƙewa: duba, saurara, haɗa.

Duba: shin yana cikin aminci yanzu? Ya ji rauni? Ya ci abinci, ya sha ruwa?

Saurara: ka zauna kusa da shi cikin natsuwa. Idan yana son magana ka ji, idan ba ya so kada ka matsa. Kada a sa shi ya maimaita labarin ga duk wanda ya zo jaje. Kada a ce masa, "Me ya kai ka can?" ko "Namiji ba ya kuka."

Haɗa: ka sada shi da iyalinsa, da malamin da yake jin maganarsa, da asibiti, da hukuma idan akwai buƙata. Ƙungiya ta ɗauke masa aiki na wasu kwanaki, ta kuma duba abin da gidansa zai ci.

Yawancin mutane suna farfaɗowa a hankali idan suna cikin ƴan'uwa. Amma idan makonni sun wuce mutum ba ya barci, yana firgita, ya daina ci, ya keɓe kansa, to a raka shi asibiti. Idan kuwa ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani ko gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar. Wannan ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani, kuma ba abin kunya ba ne.

Tambayoyi don taronku na gaba

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan darasi a taro, da mataimaki da mai rigakafin kaji a zaune, sannan a amsa waɗannan:

Nawa ne jimillar bashin da ke cikin littafin mataimakinmu yau, kuma wa zai bi shi?

Wace rana ce ranar hutunsa, kuma kowa ya san ta?

Idan ya kwanta ciwo gobe, wa zai ɗauki jakar?

Waɗanne hanyoyi da waɗanne lokuta muka yarda ba za a kira shi ba?

Yaushe rabon da wani daga cikinmu ya je gidansa don gaisuwa kawai, ba don dabba ba?

Kada ku tashi daga taron sai kun zaɓi abu ɗaya da za ku fara cikin wannan wata, kun rubuta shi, kun sa sunan wanda zai bi diddiginsa. Idan shawarata za ku bi, ku fara da littafin bashi, domin shi ne ke saurin nuna sakamako: jaka ta cika, mataimaki ya sami ƙarfin fita, magani mai kyau ya iso bakin turke kafin rani ya tsananta.

Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu, ya kuma tsare masu bin daji dominmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.